Kafin Intanet: Yadda Ake Zaɓen Manhajar Karanta Saƙo Bayan An Ajiye Waya

A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Shikago na Amurka har ta hana mutane fita aiki. Ward Christensen, wani ma'aikacin kamfanin IBM, ya yi amfani da zaman gidan wajen fara rubuta wata manhaja, abokinsa Randy Suess kuma ya ɗauki nauyin harhaɗa na'urar da za ta ɗauke ta. Burinsu shi ne su kwaikwayi allon da ake liƙa takardun sanarwa a wurin taron ƙungiyarsu ta masu sha'awar kwamfuta, sai dai wannan allon zai zauna ne a cikin kwamfuta wadda aka jona da layin tarho. Ranar 16 ga Fabrairun 1978 suka buɗe shi da sunan CBBS. Daga nan aka samu abin da aka sani da BBS, wato allon sanarwa na kwamfuta.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Wani mutum ya bar kwamfutarsa a kunne a ɗakinsa dare da rana. Kai kuma daga gidanka ka sa taka kwamfutar ta buga lambar tarhonsa ta hanyar modem, wata na'ura da ke mayar da rubutu ya zama sauti domin ya bi waya. Idan an ɗauka, sai ka shiga, ka karanta abin da wasu suka bari, ka bar naka, ka sauka. A 1994 mujallar InfoWorld ta ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan alluna 60,000 a Amurka kaɗai, masu amfani da su kuma sun kai miliyan 17. A kansu ne mutane da yawa suka fara muhawarar siyasa da addini da wanda ba su taɓa gani ba.

A cikin wannan duniyar akwai wata tambaya da kowane mai amfani da allo yakan fuskanta: wace manhaja zan yi amfani da ita in karanta saƙonnina bayan na sauka daga layi? A ido tambayar ƙarama ce. Amma amsarta ce ke yanke yawan kuɗin da mutum zai biya kamfanin tarho, da ko harshensa zai rubutu daidai, da kuma ko saƙonninsa za su ci gaba da zama nasa bayan wanda ya ƙera manhajar ya daina sana'ar.

Layi ɗaya, mutane da yawa

Yawancin allunan layin tarho ɗaya gare su. Muddin wani yana ciki, duk wanda ya buga sai ya ji layin a cike. Saboda haka mai kula da allon yakan ƙayyade wa kowa lokaci a rana, sau da yawa rabin awa ko awa guda. Idan lokacin ya cika, na'ura ta katse ka ko da kana tsakiyar rubuta amsa.

Ga kuma batun kuɗi. A yawancin sassan Amurka kiran cikin gari ba a lissafa shi da minti, amma kira zuwa wani gari yana da tsada. A Birtaniya da Jamus kuwa, ko kiran cikin gari da lokaci ake cajinsa. Mutumin da ya zauna yana karatu a hankali, yana tunani, yana goge jimla yana sake rubutawa, duk wannan lokacin agogon kamfanin tarho yana tafiya.

Ɗan lissafi zai nuna girman asarar. Modem mai gudun 2,400, wanda ya zama ruwan dare a ƙarshen shekarun 1980, yana iya kawo haruffa kusan 240 a daƙiƙa ɗaya, saurin da ya ninka karatun ɗan Adam sau da yawa. A ɗauka akwai saƙonni 200 da ke jiran mutum, kowanne mai haruffa 1,000. Idan yana karanta kowanne cikin rabin minti, zai shafe minti 100 a kan layi, ba a ma zo maganar amsawa ba. Idan kuwa aka tattara su duka, aka matse su suka koma rabin girmansu, modem ɗin zai sauke su cikin kimanin minti 7. Mutum ne ke da nawa, na'ura ba ta da shi. Mafita ita ce a bar na'ura ta yi nata aikin a kan layi, mutum ya yi nasa bayan an ajiye waya.

Yadda ƙunshin saƙo ke tafiya

Tsarin yana da ɓangare biyu. A gefen allon akwai wata ƙaramar manhaja da suke kira ƙofa. Ka shiga ƙofar, ta duba zaurukan tattaunawar da ka zaɓa, ta kwaso duk saƙon da ba ka karanta ba, ta haɗa su cikin ƙunshi ɗaya, ta matse shi da manhaja irin PKZIP, wadda Phil Katz ya fitar a 1989. Sai ka sauke ƙunshin. Masu hankali sukan yi amfani da hanyar saukewa ta ZMODEM, wadda Chuck Forsberg ya ƙirƙiro a 1986, domin idan layi ya katse a tsakiya tana iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

A gefenka kuma akwai manhajar karatu. Ita ke kwance ƙunshin, ta jera saƙonnin zaure-zaure, ta ba ka damar amsawa a tsanake. Amsoshin da ka rubuta takan haɗa su cikin wani ƙunshi na daban. Gobe idan ka buga, ka ɗora ƙunshin amsa, ka sauke sabon ƙunshi, ka sauka. Ziyarar da a dā take cin awa biyu ta koma minti goma, layin kuma ya samu ga wani.

Abin lura a nan shi ne dole ƙofa da manhajar karatu su yi magana da harshe ɗaya, wato su yarda da yadda aka tsara fayilolin da ke cikin ƙunshin. Wannan tsari shi ne tushen dukan zaɓen. Manya biyu ne suka mamaye fagen.

QWK: mai sauƙi, mai ƙunci

Na farko shi ne QWK, wanda Mark Herring ya ƙirƙiro a 1987 domin allunan da ke amfani da manhajar PCBoard. Ƙofarsa ita ce Qmail. A cikin ƙunshin QWK akwai fayil mai suna CONTROL.DAT da ke ɗauke da sunan allon da jerin zaurukansa, akwai MESSAGES.DAT inda saƙonnin kansu suke, sai ƙananan fayiloli masu nuna inda kowane saƙo ya fara. Ƙunshin amsa kuwa sunansa yana ƙarewa da REP.

An yanka fayil ɗin saƙonnin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mai gurbin haruffa 128. Gunduwar farko ta kowane saƙo ita ke ɗauke da sunan mai aikawa, da na mai karɓa, da kan magana, kuma kowannensu gurbi 25 kacal aka ba shi. Wanda sunansa ya wuce haka sai a datse masa wutsiya. Kan magana mai tsawo ma haka, ya iso a guntule. Lokacin da adireshin imel na intanet ya fara shigowa, da yawa ba sa shiga cikin gurbi 25, dole aka riƙa dabarar rubuta su a layin farko na jikin saƙon. Daga baya aka fito da wani faɗaɗɗen tsari mai suna QWKE domin rage wannan ƙunci.

Duk da haka QWK ya yaɗu fiye da kowane tsari, saboda sauƙinsa. Masu sha'awa sun warware yadda yake, suka rubuta bayaninsa dalla-dalla suka raba wa kowa. Takardar da Patrick Lee ya tattara a farkon shekarun 1990 ta zama abin dubawa ga masu rubuta manhaja. Da bayani ya shiga hannun jama'a, sai manhajojin karatu suka yawaita. Akwai SLMR ta Greg Hewgill, wadda kamfanin Mustang Software ya saya ya mayar da ita OLX. Akwai EZ-Reader, akwai 1stReader ta shi Herring ɗin kansa. Kusan kowace manhajar allo ta samu ƙofar QWK, kuma kusan kowace irin kwamfuta ta samu mai karanta shi.

Blue Wave da FidoNet

Na biyu shi ne Blue Wave, wanda George Hatchew da Fred Rappuhn suka fitar a 1990 a jihar Michigan. Domin a gane dalilin karɓuwarsa, sai an san FidoNet.

A 1984 Tom Jennings ya sa allunan da ke amfani da manhajarsa mai suna Fido suka fara kiran junansu da dare, lokacin da kira ke da araha, suna miƙa wa juna saƙonni. Allo ya miƙa wa allo, gari ya miƙa wa gari, har saƙo ya isa inda aka nufa bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. A 1986 Jeff Rush ya ƙara tsarin da ya ba da damar zaure ɗaya ya bayyana a alluna da yawa a lokaci guda. An raba duniya shiyya shida: ta 1 Arewacin Amurka, ta 2 Turai, ta 3 Ostareliya da maƙwabtanta, ta 4 Latin Amurka, ta 5 Afirka, ta 6 Asiya. A tsakiyar shekarun 1990 allunan da ke cikin FidoNet sun kusa 40,000, kuma galibinsu mutane ne ke gudanar da su da kuɗin aljihunsu.

Saƙon FidoNet yana ba da gurbi 35 ga suna, 71 ga kan magana, kuma yana da nasa adireshin mai nuna shiyya da yanki da allo. QWK bai san da waɗannan ba. Blue Wave kuwa da su aka gina shi. Yana ɗaukar suna da kan magana a cike, yana aika wasiƙa kai tsaye zuwa wani mutum a wani allo, kuma yana ba ka damar shiga sabon zaure ko ficewa daga wani tun kana gida, umarnin ya tafi tare da ƙunshin amsarka. Ga mai mu'amala da FidoNet, ya fi QWK dacewa nesa ba kusa ba. Sai dai ba kowane allo ke da ƙofarsa ba.

Akwai wasu hanyoyin kuma. Silver Xpress ta Hector Santos tana da nata tsarin. Masu karanta zaurukan Usenet na intanet suna da SOUP. A Turai, inda kowane minti kuɗi ne, mutane da yawa sun tsallake ƙofa gaba ɗaya suka mayar da kwamfutarsu ɗan ƙaramin reshe na allon, tana bugawa da kanta, ta yi musayar saƙo, ta sauka. A Jamus manhajar CrossPoint ta Peter Mandrella ce ta yi fice a wannan aikin.

Abin da mai zaɓe yake dubawa

Tambayar farko ita ce wane tsari allon da kake ziyarta yake bayarwa. Manhajar da ta fi kowace kyau ba ta da amfani idan ba ta iya kwance ƙunshin da ke hannunka. Wanda ke ziyartar alluna uku ko huɗu yakan fi son manhajar da ke karanta tsari fiye da ɗaya. Wannan ya sa manhajar karatu ta Blue Wave ita ma ta koyi karanta QWK.

Ta biyu ita ce ko kwamfutarka za ta iya ɗauka. Yawancin manhajojin an yi su ne domin tsarin DOS, inda ma'ajiyar aiki ta asali ba ta wuce kilobayit 640 ba. Ƙunshi mai saƙonni dubbai yana iya kayar da manhajar da ba a rubuta ta da kyau ba. Mai Amiga ko Macintosh ko OS/2 kuwa zaɓinsa bai kai haka yawa ba.

Ta uku ita ce haruffa, kuma a nan ne aka ga yadda shawarar mutum ɗaya ke takura wa al'umma guda. A wancan zamanin kowane harafi lamba ce daga 0 zuwa 255, kuma ma'anar lambobin da suka haura 127 ta danganta ga jadawalin da ƙasarku ke amfani da shi. QWK ya ɗauki lamba 227 a matsayin alamar ƙarshen layi. A jadawalin kwamfutocin Amurka wannan lambar wata alamar lissafi ce da ba kasafai ake rubuta ta ba. A jadawalin da 'yan Rasha ke amfani da shi a DOS kuwa, lambar nan ita ce ƙaramin wasalin "u", ɗaya daga cikin haruffan da babu sakin layin da zai rasa su. Ke nan rubutun Rashanci ba zai bi ta QWK lafiya ba sai da wata dabara ta musamman.

Bahaushe ya san irin wannan ciwon. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba su da gurbi a jadawalin DOS na Amurka ko na Yammacin Turai. Sai da tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya bazu sannan suka samu wurin zama tabbatacce. Har yau idan wata manhaja ta mayar da "ƙafa" ta koma "kafa", ko "ɓata" ta koma "bata", ko ta jefa alamar tambaya a inda ƙugiya take, ragowar wannan tarihin ne: wanda ya tsara ta bai yi lissafi da harshenmu ba.

Ta huɗu ita ce ajiya. Wasu manhajojin ƙunshi ɗaya suke buɗewa a lokaci guda, idan ka goge shi shi ke nan. Wasu kuma suna zuba kowane sabon ƙunshi cikin rumbu ɗaya, ta yadda za ka iya neman abin da wani ya faɗa watanni shida da suka wuce. Alluna sukan goge tsofaffin saƙonni saboda ƙarancin wuri a faifai, don haka sau da yawa kwafin da ke gidanka shi kaɗai ne ya rage. Ga mai muhawara, ko ɗan jarida mai neman hujja, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta biyar ita ce kuɗi da mallaka. Galibin manhajojin ana raba su ne bisa sharaɗin ka gwada, in ta yi maka ka aika kuɗin rajista. Blue Wave tana liƙa wata 'yar alama a ƙarshen saƙon wanda bai biya ba, kowa ya gani. Ga ɗan Amurka aika cak ta gidan waya abu ne mai sauƙi. Ga wanda ke ƙasar da samun dala ke da wuya, wani aiki ne. Kuma ko ka biya, izinin amfani kawai ka saya. Asalin rubutun manhajar yana hannun mai ita.

Akwai ƙananan abubuwa da suka ja hankalin mutane fiye da kima, kamar ɗan layin barkwanci da manhajar ke liƙawa a ƙarshen kowane saƙo. Wasu sun tara irin waɗannan layuka dubbai, har sukan zaɓi manhaja saboda yadda take sarrafa su. Shekarar 2000 ce ta nuna musu inda muhimmancin yake.

Ranar da manhaja ta rasa mai ita

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 intanet ya janye mutane daga alluna, kamfanonin da ke rayuwa da kuɗin rajista kuma suka watse. Aikin inganta Blue Wave ya tsaya. Da aka shiga shekarar 2000, sai ya bayyana cewa manhajar ba ta iya sarrafa kwanan watan sabon ƙarni daidai, abin da ya riƙa ɓata saƙonni. Babu wanda zai gyara ta daga tushe, domin masu amfani da ita ba su da asalin rubutunta. Sai suka koma yi mata faci daga waje, wasu kuma suka yi ƙaura.

Inda da yawa suka nufa ita ce MultiMail, manhajar da ta fara a matsayin mai karanta ƙunshin Blue Wave a kan Linux, wadda William McBrine ya karɓi kula da ita a 1997. Kyauta ce, kuma asalin rubutunta a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Tana karanta Blue Wave da QWK da SOUP da wasu tsare-tsaren, a kan kwamfutoci iri-iri. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne, duk da Blue Wave rufaffiyar manhaja ce, masu ita sun wallafa bayanin yadda ƙunshinta yake. Manhajar ta mutu, tsarin ya rayu, saboda an rubuta shi an ba jama'a. QWK ma haka: manhajojin allo na yau irin su Synchronet da Mystic har yanzu suna bayar da shi, shekara fiye da 35 bayan fitowarsa.

Wa ke iya karanta saƙonka?

Karatu a gida ba ya nufin sirri. Kowane saƙo, har wanda aka yi wa lakabin na sirri, yana zaune a kwamfutar mai kula da allon, kuma yana iya buɗe shi. A FidoNet duk allon da saƙo ya bi ta kansa yana iya gani. Dokar ƙungiyar ta 1989 ma ta ɗauki aika saƙon da aka kulle ta hannun wasu ba tare da izininsu ba a matsayin laifi. Bayan Phil Zimmermann ya fitar da manhajar kulle saƙo ta PGP a 1991, masu kula da sirrinsu suka fara tambayar ko manhajar karatu tana barin a haɗa ta da wata manhaja ta waje da za ta kulle rubutu kafin ya shiga ƙunshi.

Hukuma ma ta gano inda saƙonni ke kwana. Ranar 1 ga Maris 1990 jami'an hukumar Secret Service ta Amurka suka kai samame ofishin kamfanin Steve Jackson Games a birnin Austin na jihar Texas, suka kwashe kwamfutar da ke ɗauke da allon kamfanin. A cikinta akwai wasiƙu 162 na mutane waɗanda masu su ba su kai ga karantawa ba. A 1993 kotu ta yanke cewa hukumar ta saɓa doka, ta kuma umarci a biya diyya. Wannan shari'a tana cikin farkon waɗanda ƙungiyar Electronic Frontier Foundation, da aka kafa a 1990, ta tsaya wa. Wanda ya riga ya sauke ƙunshinsa yana da kwafin wasiƙunsa a gida ko da an tafi da allon. Amma kwafin gida shi ma abin kwashewa ne idan samamen ya zo ƙofarsa.

Inda dabarar ta yi aiki a lokacin wuya

A lokacin yaƙin da ya wargaza Yugoslabiya, an yanke layukan tarho tsakanin Kuroshiya da Sabiya. Daga 1992 masu fafutukar zaman lafiya suka kafa ZaMir, sunan da ke nufin "domin zaman lafiya". Allunan Zagreb da Belgrade ba sa iya kiran juna, don haka saƙonni suka riƙa zagayawa ta wani allo a garin Bielefeld na Jamus. Daga baya Sarajevo, wadda ke cikin ƙawanya, ita ma ta shiga. Iyalan da yaƙi ya raba da 'yan gudun hijira da ƙungiyoyin agaji sun yi amfani da hanyar. Ta yi aiki ne domin ba ta buƙatar layi ya zauna a buɗe, 'yan mintoci sun isa.

Afirka ma ta wannan ƙofar imel ya fara shiga wurare da dama. A ƙarshen shekarun 1980, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta samu hanyar musayar saƙo da waje ta FidoNet, ta hannun Randy Bush a birnin Portland na Amurka. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar GreenNet da ke Landan ta buɗe mahaɗa mai suna GnFido, wadda ke musayar ƙunshin saƙo da ƙananan cibiyoyi a birane irin su Nairobi da Harare da Dakar da Adis Ababa. Masu amfani sukan rubuta wasiƙunsu ba tare da hawa layi ba, kwamfuta ta aika su a kira ɗaya gajere. A Zambiya, daga irin wannan tsarin da aka fara a jami'ar ƙasar aka kai ga kafa kamfanin ZAMNET a 1994. An zaɓi Fido ne saboda tana jure layi mai hayaniya da tsohuwar kwamfuta.

Abin da ya shafe mu yau

Matsalolin da suka haifar da waɗancan manhajoji, wato tsadar layi da rashin tabbasinsa, ba su bar mu ba. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har da kashi 50 cikin ɗari. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga, rufewar ta bazu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka riƙa yin doguwar tafiya don kawai su yi waya. A Nijar an katse intanet na wayar hannu na kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. An kuma dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Babu manhajar karatu da za ta aika saƙo inda babu layi sam. Abin da take yi shi ne rage buƙatar layin zuwa 'yan mintoci, da barin abin da ka riga ka karɓa a hannunka. Wanda ya yi tafiyar kilomita masu yawa ya samu sabis na minti biyar, idan manhajarsa irin mai ƙunshi ce, zai aika duk abin da ya rubuta a mako, ya kwaso duk abin da ke jiransa, ya koma gida ya karanta. Idan kuwa irin wadda ba ta nuna komai sai da intanet ce, minti biyar ɗin za su ƙare yana jiran shafi ya buɗe.

Don haka tambayoyin mai zaɓen manhaja na 1992 suna nan daram. Imel yana tafiya ne a kan ƙa'idoji buɗaɗɗu irin su IMAP da POP3, shi ya sa manhaja kamar Thunderbird ke iya sauke wasiƙu ta ajiye su a na'urarka cikin tsarin da wata manhajar ma za ta iya buɗewa. WhatsApp yana ajiye hira a waya, yana kuma riƙe saƙo har layi ya dawo, amma rumbun nasa shi kaɗai ke karanta shi, sai dai ka fitar da hirarraki ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka wallafa a Facebook ko X kuwa yana kwamfutocin kamfanin ne. Ranar da aka rufe shafinka, ko aka toshe dandalin a ƙasarku, abin da ka riga ka nemi kwafinsa ka sauke shi ne kawai naka.

Gwajin ba shi da wahala. Mai karatu ya kashe datar wayarsa, ya buɗe manhajar da ƙungiyarsu ko jaridarsu ko zauren unguwarsu ke dogaro da ita, ya ga abin da zai iya karantawa da abin da zai iya rubutawa. Sannan ya duba ko tana barin a fitar da saƙonni zuwa fayil ɗin da wata manhaja za ta buɗe, ko ɓ da ɗ da ƙ suna fita lafiya a cikin fayil ɗin, da kuma wanda ke iya karanta saƙon a hanya. Wanda ya ajiye ƙunshin QWK a faifai tun 1990, in dai faifan bai lalace ba, yau ma zai iya buɗe shi da MultiMail ya karanta muhawarar da aka yi a allon da aka kashe shekaru talatin da suka wuce.